Kariya a tukunya, kare a ɗaure

A nan Manchesta, tsirrai da yawa da ake sayarwa don ado suna zuwa da ’yar takarda maƙale a jiki: kada yaro ko dabba ta ci. A Kaduna kuwa, ka tsaya wurin masu fulawa na bakin titi, a yi ciniki, a ɗora maka tukunya a but, ka wuce Malali ko Barnawa ba wanda ya ce maka uffan. Ban ga laifin masu sana’ar ba, su ma yawanci ba a faɗa musu ba. Abin da ke damuna shi ne, mu ne muka riga Turawa sanin waɗannan tsirrai.

Ɗauki kariya, mai jan fure da kututture kamar tulu, wadda yanzu ake jerawa a ƙofar gidajen masu hali. Da ruwanta maharba suke haɗa dafin kibiya, masunta kuma su kashe kifi. Gubarta zuciya take nufa: kare ya tauna, sai amai, sai bugun zuciya ya rikice, wani lokaci har ya mutu. Kalanchoe, mai ƙananan furanni da kaurin ganye, irin wannan gubar gare ta. Tinya da aguwa da danginsu, farin ruwan da ke fita idan an karya su yana ƙona baki da ido. Kowane yaron ƙauye ya san ba a wasa da shi. Moda da alobera sun fi sauƙi, amma suna sa amai da zawo.

Karen Bature yana tauna ganye ne don zaman kaɗaici a falo. Namu ya fi shi shiga hatsari. Ana ɗaure shi tun asuba a gindin katanga, inda aka jera tukwanen, ga zafin Maris, kwanon ruwansa ya bushe tun hantsi. Ganye mai ruwa yana daidai bakinsa, me zai hana shi? Ɗan kwikwiyo kuwa komai ya samu sai ya gwada haƙori. Gobe a tarar da shi kwance yana dalalar miyau, a ce ɓarayi ne suka jefo masa guba, a fara zargin maƙwabta.

Na san da yawanmu kare ba abin shafawa ba ne, gadi ko farauta kawai. To ai duk dabbar da ka ɗaure amana ce a wuyanka, kuma mun san hadisin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare.

A janye tukwanen daga inda sarƙa ke kaiwa, a cika masa kwano. In kuma ya riga ya ci, a bar ɗura masa manja ko madara, ba sa kashe gubar da ke kama zuciya. A yanki reshen da ya tauna a sa a leda, a kai karen tare da reshen wurin likitan dabbobi a ranar, a faɗa masa lokacin da abin ya faru.