Kafin ka danna F10 a cikin BIOS

Jama'a, shawara iri biyu nake yawan gani ana ba mai son gyara saitin BIOS, wato manhajar cikin madabod (babban allon kwamfuta) da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows. Wasu su ce kada ka kuskura ka shiga, wurin masu gyara ne. Wasu kuma su ce shiga kawai ka kunna wannan ka kashe wancan, in kwamfutar ta rikice ka danna Load Defaults komai ya koma daidai. Duk biyun ban yarda da su ba, amma ta biyun ta fi jawo wa mutane asara, don kuwa ba kullum Load Defaults ke mayar da kai inda ka baro ba. Saitin kamfani yake dawo maka da shi, Windows ɗinka kuwa mai yiwuwa a kan wani saitin dabam aka ɗora ta.

Abin da mutane ba sa lura da shi ke nan. Ranar da aka sa Windows, ta dubi yadda BIOS yake a lokacin ta shirya kanta a kai. In ka sauya shi daga baya ba ka sanar da ita ba, sai ta rasa hanyar da za ta bi ta tashi. Ɗauki misalin SATA Mode, saitin yadda kwamfuta ke magana da faifan ajiyarta. Laftof da yawa suna zuwa a kan RAID ko Intel RST. Mutum ya ji an ce AHCI ya fi, ko yana son sa Linux a gefe, ya shiga ya sauya, ya adana ya fita. Abin da zai tarar shi ne shuɗin allo ɗauke da INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Nan hankali zai tashi, a fara maganar faifai ya mutu, wani ma har ya goge komai ya sake sa Windows, alhali faifan lafiyarsa ƙalau. Direban, wato 'yar manhajar da za ta yi magana da faifan a sabon yanayin, shi ne ba a loda ba. Ka koma BIOS ka mayar da saitin yadda yake, ta tashi kamar ba a yi komai ba. In kuma lallai AHCI kake so, ka buɗe msconfig a cikin Windows ka zaɓi Safe boot, ka sake kunnawa, ka shiga BIOS ka yi sauyin, ka bar ta ta tashi a Safe Mode sau ɗaya ta ɗauki direban, sannan ka cire Safe boot ɗin. Aikin 'yan mintuna ne.

Haka batun CSM ko Legacy yake, wato tsohuwar hanyar tayar da kwamfuta. Faifan da aka tsara da MBR, tsohon tsarin raba faifai, ba zai tashi ba in ka kashe CSM, sai kwamfutar ta ce maka ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba. Tun 2017 Windows 10 take ɗauke da MBR2GPT da ke mayar da faifai GPT, sabon tsarin, ba tare da goge shi ba. Shi ake fara yi, sannan a taɓa BIOS.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, don sauran matsalolin lokaci suke ci, wannan kuwa yana iya cinye fayilolinka baki ɗaya. Tun da Windows 11 ta fito a 2021 da sharaɗin TPM 2.0 (sashen tsaro da ke adana makullai), kuma aka daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, mutane sun yi ta shiga BIOS neman kunna TPM, wanda ake kira PTT a kan Intel ko fTPM a kan AMD, da Secure Boot mai tantance abin da kwamfuta za ta tashi da shi. Da yawansu ba su san faifansu a kulle yake ba, saboda sababbin kwamfutoci sukan kunna kullen da kansu da zarar ka shiga da asusun Microsoft. Makullin yana hannun TPM, kuma ba ya sakin sa sai ya ga hanyar tashin kwamfutar ba ta sauya ba. Ka taɓa Secure Boot, ko ka sabunta BIOS, yana iya ƙin saki, Windows ta tambaye ka makullin ceto mai lamba 48. Ka danna Clear TPM kuwa, ka share makullin da ke ciki ke nan. In ba ka da lambobin nan 48, babu mai gyaran da zai buɗe maka, Microsoft ma ba za ta ƙirƙiro maka wani ba. Saboda haka, don Allah, kafin komai ka duba asusunka na Microsoft ta waya ka tabbatar makullin yana nan, ka rubuta shi a takarda. Mai Windows Pro ya danna Suspend protection a saitin BitLocker kafin ya shiga BIOS. Kuma in allo ya fito bayan sabunta BIOS yana tambaya ko a sake saita fTPM, danna Y ko N, karanta shi da kyau kafin yatsanka ya sauka.

Sai masu neman gudu. XMP na Intel da EXPO na AMD suna sa RAM ta yi gudun da aka rubuta a kwalinta, in ba haka ba DDR5 takan tsaya a 4800. Ban ga laifin kunna su ba, kuɗinka ka biya. Sai dai a sani cewa tura na'ura ne sama da ma'auninta na asali, kuma ba kowace furosesa ke jurewa ba, musamman in an cika ramukan RAM huɗu. Bayan ka kunna, allo na iya zama baƙi na wasu mintuna yayin da madabod ke gwada RAM ɗin. Nan marasa haƙuri ke zare wuta. Ka jira. In ta tashi ma kada ka saki jiki, rashin daidaiton RAM ba ya nuna kansa nan take, sai kana tsakiyar aiki ta ɗauke. Ka bar MemTest86, manhajar gwada RAM, ya kwana yana gwaji.

Ƙarfin wutar furosesa kuwa, in ba ka san me kowace lamba ke nufi ba, bar ta. A 2023 wasu Ryzen 7000X3D sun ƙone saboda wutar SoC, wani sashe na furosesa, ta yi yawa, har AMD ta ƙayyade ta a volt 1.3 ta hanyar sabon BIOS. A 2024 furosesocin Intel na zubi na 13 da na 14 suka yi ta rikicewa saboda yawan wuta, maganin ma ta sabunta BIOS ya zo. Shi ya sa na ce masu cewa kada a taɓa sam su ma sun yi kuskure. Mai irin wannan furosesa da ya ƙi sabuntawa, kansa yake cuta. Abin kiyayewa wurin sabuntawa kaɗan ne: fayil ɗin ya fito daga shafin kamfanin, ya dace da ainihin samfurin madabod ɗinka har da lambar zubinsa, kuma wuta kada ta yanke a tsakiya. Laftof a jona ta da caja, batir cike.

Ni dai al'adata, da na shiga sai in ɗauki hoton kowane shafi da waya, har na can cikin Advanced. Sannan abu ɗaya nake sauyawa, in adana, in bar ta ta tashi, in yi aiki da ita, kafin in koma kan na gaba. Mai jefa dutse biyar a rijiya lokaci guda ba zai san wanne ya fasa guga ba. F10 da ke adanawa a yawancin kwamfutoci, a wasu madabod yakan nuna maka jerin abin da ka sauya kafin ka amince. Karanta shi, sau da yawa za ka ga abin da hannunka ya taɓa ba ka sani ba.

In ta ƙi nuna komai gaba ɗaya, a kwamfutar tebur ka zare wuta, ka cire ƙaramin batirin nan CR2032 na 'yan mintuna ko ka yi amfani da Clear CMOS na kan madabod, mai goge saitin BIOS. Za ta koma saitin kamfani, sai ka ɗauko hotunanka ka mayar da SATA Mode da sauransu kafin ka bar Windows ta tashi. A laftof abin ya fi wuya, sai an kwance ta, kuma kalmar sirrin BIOS a yawancin laftof na zamani ba ta gogewa da cire batir. In za ka sa ta, rubuta ta a takardar da ka rubuta lambobin BitLocker.