Dashen mangurof ba bikin ɗaukar hoto ba ne

To madalla! An sake tara jama'a da riguna iri ɗaya, an soka dashen mangurof, itacen da ke tsirowa a bakin teku, a taɓo layi-layi, an ɗauki hoto, wai an yi wa gari garkuwa daga tsunami, wato ƙatuwar igiyar teku da girgizar ƙasa ke tayarwa. A dawo bayan wata shida a sake ɗauka mana.

Matsalar wuri ce, jama'a, wuri. Mangurof yana rayuwa ne tsakanin matsakaicin tsayin teku da iyakar cikarsa, inda ruwa ke janyewa ya bar saiwa ta sha iska mafi yawan yini. Ka dasa ƙasa da nan, ruwa ya shaƙe shi, gansakuka ta naɗe shi, igiya ta tumɓuke saura. Kuma nau'in Rhizophora ake ta sokawa a gaba don ya fi sauƙin dashe, alhali gaban teku na nau'o'in Avicennia ne da Sonneratia.

An yi wannan ɓarnar bayan tsunamin 26 ga Disamba 2004. A Siri Lanka, bincike ya bi wurare 23 da aka dasa: a 9 ko ɗaya bai rayu ba, a 3 kacal fiye da rabi ya tsira. A tsibiran Andaman da Nikoba na Indiya, girgizar da ta jawo tsunamin ta ɗaga ƙasa a wani wuri, ta nutsar da ita a wani, sai daji ya mutu a tsaye. Wa zai dasa a nan bai sake auna tsayin ƙasa ba?

Wani zai ce ai ya fi babu. Bai fi ba. Kuɗi ya tafi, mutane kuma sun kwanta da tunanin an kare su. Gaskiya ne ƙauyukan bayan dajin Pichavaram a Indiya sun fi samun sauƙi, amma tsohon daji ne mai kauri. Igiyar da ta kai mita 30 a Aceh ta Indonesiya kuwa, ba itacen da zai tare ta. Na'urar gargaɗi da hanyar hawa tudu ake buƙata.

Don Allah a fara da tsofaffin tafkunan kiwon jatan lande, nan ne dajin yake tun asali. A fasa katangarsu ruwa ya riƙa shiga da fita, a killace daga awaki. In akwai manyan itatuwa kusa, iri zai taso da kansa.

Af, ledojin dashen da kuka watsar a bakin ruwa fa, wa zai kwashe?