Tozon raƙumi kitse ne, a daina ce wa yara ruwa ne

Wallahi bidiyon nan na malamin da ke koya wa 'yan firamare cewa raƙumi yana ajiye ruwa a tozonsa ya ɓata min rai, masu yi masa jinjina kuma sun fi shi ɓata min rai. Jama'a, tozo fa! Wanda muke saya wajen mai tsire? Kitse ne. Ku je mayankar Kano inda ake yanka raƙuma, ku tambayi kowane mahauci ko ya taɓa tsaga tozo ruwa ya zubo. Kitse ne, a ƙosasshen raƙumi yakan kai kilo 30. In yunwa ta daɗe sai tozon ya saki ya kwanta gefe, shi ya sa mai sayen raƙumi yake fara dubansa.

Masu cewa "ai yara ne, a sauƙaƙa musu", ku yi haƙuri, ƙarya ba sauƙi ba ce. Gaskiyar ma ta fi daɗin ji. Ku gaya wa yaro cewa raƙumi mai ƙishirwa yana shanye lita 100 cikin minti 15 ko ƙasa da haka, ruwan ya sauka tumbi, daga nan ya bazu cikin jini da tsoka. Ƙwayoyin jininsa ba zagayayyu ba ne irin namu, siffar ƙwai gare su, suna kumbura ba su fashe ba. Ku gaya masa zafin jikin raƙumi mai ƙishirwa yana sauka zuwa digiri 34 da asuba, ya hau har 41 da rana kafin ya fara gumi sosai, wanda ke tanada masa wajen lita 5 a yini. Hancinsa yana kama laimar numfashi kafin ta fita. Fitsarinsa kaɗan ne mai kauri, kashinsa busasshe har a iya hura wuta da shi. Yakan rasa kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa saboda ƙishi, yana tafe da kaya. Da wannan baiwar ta Allah ayarin gishiri ke ratsa hamadar Tenere ta Nijar daga Agadas zuwa Bilma.

Wani zai ce ai kitse in jiki ya ƙona shi yana ba da ruwa. Yana bayarwa, amma numfashin da ƙonawar ke buƙata a busasshiyar iska yana fitar da ruwan da ya fi haka. Tozo guzurin abinci ne. Kitse ne, malam, kitse.

Sannan masu buga littattafan yaranmu, don Allah ku daina sa hoton raƙumi mai tozo biyu. Wannan na Mongoliya ne da tsakiyar Asiya, mai gashin sanyi. Namu tozo ɗaya gare shi, kuma yaron Maigatari yana ganinsa duk ranar kasuwa.