Igiyar Ruwa Ba Ta Gauraya Teku Har Ƙasa

Da yawa na ɗauka tunda igiyar ruwa ba ta hutawa, ruwan teku a gauraye yake sama da ƙasa. Ba haka ba ne, ko a kusa da gaɓa inda zurfi bai wuce mita 200 ba.

A Tekun Arewa na Turai, rana kan ɗumama saman ruwa lokacin zafi, ya rage nauyi ya kwanta kan mai sanyi, kamar man gyaɗa a kan miya. Abin da ke dama ƙasan shi ne cika da janyewar teku da jan watan sama ke haddasawa, jan da kan yi ƙarfi ya kuma lafa cikin mako biyu. Shi ya sa masu bincike kan so jirginsu ya yi mako biyu yana auna zafi da gishiri, su riski ƙarfin jan da lafawarsa.