Bindiga a ƙugu cikin a-kori-kura: Teksas daban, hanyar Gusau daban

A jihar Teksas ta Amurka, inda nake sana'ar gyaran na'urar sanyaya ɗaki, mutum biyu za su ɓata rabin sa'a suna gardama a kan inda ya fi daɗin ɗaura ƙaramar bindiga idan za a yi doguwar tafiya a mota. Motar kuwa kusan kullum a-kori-kura ce, galibi Ford F-150, wadda ta haura shekara 40 tana kan gaba a kasuwar irin waɗannan motoci a Amurka. Tun ranar 1 ga Satumba 2021 doka ta halatta wa mai shekara 21, wanda ba shi da laifin da ya haramta masa makami, ya riƙe fistol ba tare da lasisi ba. Duk da haka na je na zauna aji, na yi gwajin harbi, na karɓi lasisi, kuma da ita nake fita aiki.

Maganar jin daɗi ba wasa ba ce. Wanda ya ɗaura kuben bindiga a bayan kwankwaso, tsaye ba ya jin komai, amma da ya zauna sai kujera ta danna masa ƙarfen, kafin ya isa Dallas daga Houston bayansa ya gama ƙagewa. Wanda ya ɗaura a gaba, kusa da cibiya, hannunsa na isa gare ta da sauri, sai dai idan yana da tumbi bakin bindigar zai yi ta sukarsa a matsematsi, ga bel ɗin kujera ya bi ta kanta. Wasu kan mayar da ita ɓangaren hagu, mariƙinta na kallon hannun dama, wasu su rataye ta a ƙarƙashin hammata, amma zafin Agusta a nan ba ya barin mutum ya sa rigar sama da zai rufe ta. Mu kuma muna da tamu matsalar: wando mai tazuge ba ya ɗaukar nauyin kube, sai ya yi ta zamewa. Doguwar riga tana rufewa tsaf, amma a zaune, da bel a ɗaure, kafin ka tattare ta abin da zai faru ya faru.

To a nan ne nake raba gari da abokan aikina da yawa. Da ƙarfen ya dame su sai su zare bindigar su jefa ta a ramin ajiye kofi, ko su tura ta ƙarƙashin cinya, ko su manna ta a maganaɗisun da aka ɗaure ƙasan sitiyari, kunamarta a buɗe. Wannan ganganci ne. A ranar 11 ga Afrilu 1986, a arangamar da jami'an hukumar binciken tarayyar Amurka, FBI, suka yi da wasu 'yan fashi biyu a Miami, wani jami'i ya zare bindigarsa tun kafin a tsaya don ta zama kusa da hannu, da motoci suka yi karo ta ɓace masa. Ƙwararre ke nan. Birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya cilla bindiga ƙarƙashin feda. Sannan wanda ya saba cire ta a mota shi ne zai shiga gidan mai ya manta da ita, ɓarawo ya fasa gilashi ya ɗauke, ko ɗansa ya riga shi shiga motar da safe. Motoci suna cikin manyan wuraren da ake satar bindiga a biranen Amurka. Ni dai a ganina wurinta jikin mai ita, a cikin kube mai tauri da ya rufe kunama ruf, a kan ɗamara mai ƙarfi. Ka kwantar da bayan kujera kaɗan, ka ja bel ɗin ƙasa ya zauna a kan ƙashin ƙugu, ka zaro rigar daga ƙarƙashinsa. Idan wurin da za ka shiga ya kafa allon hana makami, akwatin ƙarfe mai kulle da aka ɗaure da waya a ƙafar kujera shi ne mafita. 'Yar takurar da ta rage ba na neman maganinta, domin ita ke hana ni manta abin da nake ɗauke da shi idan wani ya yanko gabana a babban titi raina ya ɓaci.

Akwai kuma abin da farar fata da ke wannan gardama ba ya lissafawa, ni kuwa dole. A ranar 6 ga Yuli 2016 ɗan sanda ya tsayar da Philando Castile a jihar Minnesota. Baƙar fata ne, yana da lasisi, da bakinsa ya faɗa cewa akwai bindiga a jikinsa, kuma cikin daƙiƙoƙi aka harbe shi a kujerarsa, budurwarsa da ƙaramar 'yarta suna cikin motar. A 2017 kotu ta wanke ɗan sandan. Shi ya sa takarduna ba sa zama a aljihun baya, kusa da ƙugu. Suna maƙale a abin kare rana da ke saman gilashi. Idan an tsayar da ni, in sauke gilashi, in kunna fitilar ciki, hannuwa biyu a kan sitiyari, in miƙa lasisin tuƙi haɗe da na bindiga kamar yadda dokar Teksas ta nemi mai lasisi ya yi. 'Yan uwa da suka zo da bizar karatu ko ziyara su kula ƙwarai: dokar tarayya ta haramta wa yawancinsu riƙe bindiga, ko da jiha ta sassauta.

'Yan uwa a gida, idan suka ji wannan, sai su ce ina ma a ba su dama haka. Na fahimci inda maganar ta fito. Wanda ke bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ko ta Birnin Gwari da salati a bakinsa yana da hakkin ya tambayi dalilin da ya sa ɓarayin daji ne kaɗai ke da makami. Dokar bindiga ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol a jerin makaman da sai da izinin shugaban ƙasa, ta bar wa talaka bindigar farauta da ta toka, su ma da lasisin 'yan sanda. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara, zamanin Bello Matawalle, ta ce jama'a su nemi lasisi su kare kansu, manyan jami'an tsaro suka ce gwamna ba shi da wannan hurumi.

Amma kwatancen bai zauna ba. Abin da direba a Teksas ke tsoro mutum ɗaya ne ko biyu da ke son ƙwace masa mota, kuma bayan harbi akwai lambar kiran gaggawa ta 911, akwai motar asibiti, akwai kotun da za ta tambaye shi hujjar kowane harsashi. A hanyar Gusau ayarin babura ne ke fitowa daga daji, goyon biyu-biyu da uku-uku, da AK-47. Direban da ya zaro fistol a nan ya jawo wa fasinjojinsa ruwan wuta, wanda kuma aka samu da ita a shingen bincike zai iya kwana a matsayin ɗan bindiga kafin a saurari bayaninsa. Ga tashoshinmu da cunkoson Kano, inda gogar fenti ke tara jama'a a ɗaga murya. Yau a kan rabu da zagi ko mari. A nan Teksas na ga yadda irin wannan cacar baki ke ƙarewa a labaran dare, da gawa a gefen titi.

Abin da nake so wa direban Hilux da ke kai taki Tsafe shi ne sintirin da ba ya janyewa da magariba, da waya mai sabis a tsakiyar daji, da jami'an da za su iso idan an kira. Wannan ya kamata mu matsa wa gwamnoni da 'yan majalisa a kai, mu da ke waje da ku da ke gida.