Ku daina ɗora wa rumbun bayanai laifin da ba nasa ba

An yi ta cece-kuce kan wata manhajar kundin dokoki da ta tsaya cak. Abin da ya ɓata min rai shi ne jin masu ita suna cewa wai PostgreSQL, rumbun bayanan da manhajar ke kai, ce ta kasa ɗaukar nauyi. Wallahi ba laifinta ba ne. Su suka ɗauki kundi sukutum, babi a ciki, sashe a cikin babi, sakin layi a cikin sashe, suka dunƙule shi ya zama JSON guda (wani tsari ne na rubuta bayanai, wani cikin wani), suka cusa a gurbi ɗaya na tebur. Yanzu kuma suna kuka wai yana nauyi.

Dole ya yi nauyi mana! A PostgreSQL, da zarar layin tebur ya wuce kimanin kilobait 2, sai tsarin TOAST ya matse babban abin da ke ciki, ya yanyanka shi, ya kai wani tebur na gefe. Mai karatu yana son sashe na 40 kaɗai, amma sai an haɗo kundin duka an warware kafin a ciro masa. Ka gyara waƙafi ɗaya, sai an sake rubuta kundin daga farko har ƙarshe. Idan editoci biyu suna aiki, ɗaya a babi na farko ɗaya a na ƙarshe, dole wani ya jira wani, tunda layi ɗaya suke taɓawa. Ganye ɗaya kake so, ka tumɓuke bishiya da saiwarta.

Kundi mai rassa a rassansa ake ajiye shi. Kowane sashe da layinsa, da lambar uwarsa, da matsayinsa a jerin 'yan'uwansa. Shi ke nan. Mai karatu ya buɗe babi, a kawo masa 'ya'yan babin kawai. Ya shiga ciki, a kawo jikoki. Mai bincike ya nemi kalma, a kai shi kan sakin layin da take, ba a jefa masa kundi a ce ya lalubo da kansa.

Na san za a ce haɗo bishiyar daga layuka yana da wuya. Ina wuyar? WITH RECURSIVE, umarnin da ke bin bishiya reshe bayan reshe, yana cikin PostgreSQL tun fitowar 8.4 a 2009, rumbun SQLite na da shi, na MySQL ma ya samu a fitowar 8.0. Wanda bai son wannan, ga ltree, wani ƙari na PostgreSQL: kowane sashe ya riƙe hanyarsa tun daga tushe, ka ce a ba ka duk abin da ke ƙarƙashin babi na 3, fihirisa ta kawo maka nan take.

Wasu kuma sun ce a koma MongoDB, wani rumbun da ke ajiye bayanai a dunƙule kamar JSON. To a can ma kundi ɗaya ba ya wuce megabait 16, zurfinsa ba ya wuce hawa 100. Ko a can sai ka raba. Sauya rumbu ba ya gyara tsarin da aka karkace tun ranar farko.

Ni ba na gaba da jsonb, nau'in gurbin da PostgreSQL ke ajiye JSON a ciki, ina amfani da shi. Tun da ya zo a 2014 ya sauƙaƙa mana ajiye ƙananan bayanan da siffarsu ke canzawa daga sashe zuwa sashe. Nan ne muhallinsa, a jikin kowane reshe. Tausayina yana kan matasan da za su gaji wannan aiki, su kwana suna neman matsala a kwamfutar da ke ɗauke da manhajar alhali tana cikin zanen tebur. Don Allah ku raba kundin.

Wannan ma ya tuna min da IMS na IBM, da ya fara aiki a 1968 don bin diddigin sassan rokar shirin Apollo, wannan ƙarfe a cikin wancan, wancan a cikin wani. Rumbu ne mai tsarin bishiya tun asali, kuma har yau akwai manyan bankunan da ke kansa. Ina takaicin yadda ake koyar da SQL, harshen da ake magana da rumbun bayanai da shi, a fara da teburin ɗalibai da darussa a ƙare a nan, ba a taɓa sa ɗalibi ya ajiye bishiya ko sau ɗaya ba kafin ya fita neman aiki.