Fitilar mai da fitilar inji: ɓarnar da muke yi wa motocinmu da sunan tattali

Watanni kaɗan da suka wuce na taso daga Kano zan je Zariya bayan la'asar a cikin tsohuwar motata Corolla ƙirar 2006, kuma tun kafin na wuce Kura fitilar mai ta kama. Na gan ta sarai, amma na ce a raina ai na san halin motata, za ta kai ni Kwanar Dangora ba tare da matsala ba. Da na isa can sai na tarar da layi a gidan man da na nufa, ga rana tana neman faɗuwa, sai na ƙara gaba da niyyar in sha mai a gari na gaba. Na yi nisa sosai lokacin da na cim ma wata tirela mai ɗauke da siminti, na leƙa na ga hanya a buɗe, na taka totur domin in wuce ta. Ina daidai tsakiyar tirelar motar ta fara fizga kamar mai shaƙuwa, ƙarfinta ya ragu, sannan wata fitila mai ruwan ɗorawa, wadda ke da siffar inji, ta soma ƙyaftawa a gabana. Allah Ya taimake ni babu wata mota a bayana, na sassauta na koma bayan tirelar, na gangara gefen titi, injin ya mutu a nan. Tare da ni akwai maiɗakina da yara biyu, kuma har yau idan na tuna waɗannan daƙiƙu sai gabana ya faɗi.

Wani yaro mai sayar da bumburutu ne ya kawo mini galan guda a kan babur, ya zuba da mazurarin da aka yanka daga gorar ruwa. Motar ta tashi bayan na murza makulli sau uku, fitilar mai ta mutu, amma fitilar inji ta tsaya a kunne, ko da yake ta daina ƙyaftawa. Da na dawo Kano na kai ta wurin bakanikena, wanda ya jona na'urar bincike a wata 'yar kafa da ke ƙarƙashin sitiyari, lambobi biyu suka fito a fuskar na'urar: P0171 da P0300. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, motar nan yunwa kake bar mata. Tun yaushe rabonka da ka ga allurar mai ta haura kwata?" Ban iya ba shi amsa ba, domin gaskiya na fi shekara ina shan man dubu biyar ko dubu bakwai, ina yawo da fitila a kunne kusan kullum. Ya ɗaga kujerar baya, ya kwance murfin da ke saman tanki, ya zaro famfon mai ya nuna mini. 'Yar jakar tacewa da ke bakinsa, wadda ya ce fara ce tun asali, ta koma kalar ƙasa, kuma da ya jona shi da batir sai muka ji yana wani siririn kuka wanda ya ce alamar gajiya ce.

Na rubuta wannan ne domin na san ba ni kaɗai ba ne. Ku leƙa gaban direban kowace motar haya a tasha, ko motocin ma'aikata a bakin sakatariya, za ku ga allurar mai a kwance. Kuma ba na zargin kowa da sakaci kawai, domin dalilin a bayyane yake. Kafin ranar 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai a jawabinsa na kama aiki, ana sayar da lita a gidajen mai ƙasa da naira 200. Cikin 'yan kwanaki ta kai 500 da wani abu a Arewa, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa. Mutumin da a da yake cika tankinsa da dubu goma, yanzu dubu goman ba ta ko ɗaga allura sosai. Wanda albashinsa bai motsa ba yana da uzurin ya sha mai kaɗan-kaɗan. Abin da nake ja a kansa shi ne tunanin cewa yawo da tanki a bushe wani nau'i ne na tattali, alhali bashi ne da za a biya a gareji da riba.

A motocin da muka taso muka gani masu kabireta, irin su Fijo 504, famfon mai yana jikin inji ne, kuma injin ne yake motsa shi. Motocin yau masu nozul, wato 'yan bututun da ke fesa mai cikin inji, suna da famfon lantarki a cikin tankin kansa, nutse a cikin fetur. Fetur ɗin da ke ratsa shi, da wanda ya kewaye shi, shi ne yake sanyaya shi, shi ne kuma yake rage gogayya a tsakanin ƙananan sassansa. Idan mai ya yi ƙasa sosai, ɗan abin da ya rage yakan yi ta tangaɗi a cikin tanki, ya tattaru gefe guda a lokacin kwana, ko hawan tudu, ko taka birki, sai bakin famfon ya zuƙi iska maimakon mai. Masu ƙera motoci sun sanya famfon a cikin wani ɗan kofi da ke riƙe mai domin rage wannan matsala, amma kofin yana da iyaka. Sau ɗaya ko sau biyu ba zai kashe famfo ba. Yin hakan kullum, a cikin zafin watan Afrilu na Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, shi ne yake cinye rayuwarsa da wuri.

Akwai wata magana da ake yawan faɗa, cewa idan mai ya yi ƙasa famfo zai kwaso dattin da ke gindin tanki. Maganar tana buƙatar gyara, domin famfon daga gindin tanki yake zuƙa a kowane lokaci, ko tanki a cike yake. Abin da ke faruwa shi ne, idan man ya ragu, datti da ruwan da ke ciki sukan fi yawa a cikin ɗan abin da ya saura, kuma tangaɗin yakan motsa su. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wanda mai ya ƙare masa a hanya ba shi da zaɓi, duk abin da aka kawo masa a jarka shi zai zuba, ba tare da sanin inda aka ajiye shi ko abin da aka gauraya masa ba. Ko a gidajen mai ma, ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ya lalata motocin mutane. Mai kwatan tanki yana iya wuce gidan man da bai yarda da shi ba, wanda fitilarsa ta daɗe da kamawa kuwa dole ya tsaya.

To, mece ce alaƙar wannan da fitilar inji? Injin fetur yana buƙatar awo tsakanin iska da mai, kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur idan aka auna da nauyi. Akwai wata na'ura a bututun hayaƙi da ke auna iskar da ta saura bayan ƙonewa, tana aika wa kwamfutar mota labari. Idan famfo ya kasa turo isasshen mai, na'urar za ta ga iska ta yi yawa, kwamfutar ta yi ƙoƙarin ƙara mai ta hanyar barin nozul a buɗe na ɗan tsawon lokaci, idan ta kai iyakarta abin bai daidaita ba sai ta ajiye lamba ta kunna fitila. Ma'anar P0171 ke nan: mai ya yi ƙaranci a cikin haɗin. P0300 kuma tana nufin wuta ba ta kamawa daidai a cikin silinda daban-daban, wato fizgar da na ji a gefen tirela. Wannan tsari na lambobi ya zama dole a kan motocin da ake sayarwa a Amurka tun daga ƙirar 1996, a Turai kuma daga 2001 ga masu amfani da fetur, saboda haka kusan duk motar da aka shigo mana da ita ta Kwatano ko Legas tana da wannan kafa mai ramuka 16 a kusa da gwiwar direba. Motar tana iya faɗin abin da ke damunta, mu ne ba ma tambayarta.

A nan ne abin ya fi ba ni takaici. Mun mayar da fitilar inji kamar ado. Za ka ji mutum yana cewa, "Ai tun da na sayi motar take a kunne, kuma ga shi tana tafiya." Na ga direban da ya manna baƙin salatif a kanta domin kada ta dame shi da dare. Na san ana cire kan batir na 'yan mintuna domin ta mutu, abin da yake share lambar amma ya bar cutar a inda take. Wasu marasa tsoron Allah a cikin masu sayar da mota har ƙwan fitilar suke cirewa kafin mai saye ya zo. Ga hanya mai sauƙi ta gane hakan: idan ka murza makulli ba ka tayar da inji ba, dole fitilar inji ta kama tare da sauran, sannan ta mutu bayan mota ta tashi. Idan ba ta kama ba sam, to an taɓa ta. Illar barin fitila a kunne shekara da shekaru ita ce fitila ɗaya ce take wakiltar ɗaruruwan lambobi. Wanda ya saba da ganinta saboda ƙaramar matsala, kamar murfin tanki da ba a ɗaure sosai ba, wanda shi ma yana kunna ta, ba zai san ranar da babbar matsala ta shigo ba.

Ya kamata kowane direba ya bambanta abubuwa biyu. Idan fitilar inji ta tsaya a kunne kuma mota tana tafiya lafiya, kana iya kai ta gida, ka nemi mai na'ura cikin 'yan kwanaki. Idan tana ƙyaftawa, saƙon ya fi haka tsanani: ɗanyen fetur da bai ƙone ba yana wucewa cikin bututun hayaƙi, yana ƙonewa a cikin matatar hayaƙin nan da makanikai suke kira indomi, har zafin ya narkar da cikinta. Wannan matata tana ɗauke da ƙarafa masu tsada irin su filatinam, shi ya sa ake sace ta, shi ya sa kuma sabuwa take da kuɗi. Mai ganin ƙyaftawa ya ɗaga ƙafa daga totur, ya nemi wuri mai aminci ya tsaya. Jar fitila mai kama da buta kuwa ta baƙin mai ce, ba ta da alaƙa da fetur, kuma ita ba a tafiya da ita ko kilomita ɗaya.

Lissafin kuɗin shi ne ya fi sauya mini tunani, kuma bakanikena ne ya yi mini shi a tsaye a bakin gareji. Mota ba ta rage shan mai don tankinta babu komai. Litar da za ta sha daga Hotoro zuwa Kabuga ita ce dai za ta sha, ko allura tana kan kwata ko tana ƙasa. Tankin Corolla irin tawa lita 50 ne, kwatansa lita 12 da rabi ke nan, fitilar kuma takan kama idan ya rage wajen lita 7. Abin da ake buƙata shi ne mutum ya daure sau ɗaya, ranar da albashi ya shigo ko ciniki ya yi kyau, ya ɗaga allurar zuwa kwata, daga nan ya ɗauki layin kwata a matsayin ƙarshen tankinsa. Bayan haka ya ci gaba da shan man dubu biyar ɗinsa kamar yadda ya saba, sai dai a saman wannan ajiya. Kuɗin mako bai ƙaru ba ko kwabo, kuma man da ke ajiye bai ɓata ba, yana nan a matsayin jari. Na san akwai wanda zai ce ko wannan sau ɗayan ma ba shi da hali, kuma na yarda akwai irinsu da yawa, musamman direbobin haya da suke biyan balas kullum. Amma kuɗin famfo mai kyau a Kofar Ruwa ko Panteka, tare da ladan aiki da kwanakin da mota za ta yi ba ta nema, ya ninka kuɗin waɗannan litoci, kuma shi ba ya sallama kafin ya zo. Masu motocin dizal ma nasu ya fi wuya, domin idan iska ta shiga layin mai, sau da yawa sai an fitar da ita kafin inji ya sake tashi.

Ban da kuɗi akwai rai. Idan inji ya mutu mota tana gudu, sitiyarin da ke aiki da ƙarfin inji yakan yi tauri, birki ma yakan ba ka taku ɗaya ko biyu masu taushi sannan ya ƙame, sai ka taka da dukan ƙarfinka. Duk wanda ya san hanyoyinmu bayan magariba ya san abin da ake nufi da mota ta tsaya a daji da iyali a ciki.

Ni dai an canza mini famfo da matacinsa a ranar, bakaniken bai share lambar ba, ya ce in bar motar ta tabbatar da gyaran da kanta. A tafiya ta huɗu bayan haka, ina fitowa daga masallacin Juma'a, na tayar da ita na ga fitilar ta mutu. Tsohon famfon yana nan a cikin leda a but ɗina, kuma duk abokin da na hango allurarsa a kwance nakan fito da shi in nuna masa jakar tacewar.